Magana a Sama, Kaya a Ƙasa: Petit Marché da Dunƙulewar Duniya

Sharhin na yau ya dubi yadda fasahar sadarwa ta ɗaure kasuwannin duniya da juna, kuma wurin da aka zaɓa domin auna lamarin shi ne Petit Marché ta birnin Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Ganda, wato kasuwar ƙasa, domin bambanta ta da Habu Bene, babbar kasuwar birnin. An san wannan kasuwa da kewayenta da kayan miya da na lambu, kuma duk wanda ya bi tirelolinta da tebura yana tambayar asalin kaya zai tarar da albasar Galmi kusa da dankalin turawa na Bonkuku da na tsaunukan Abzin, da tattasan Diffa, da doya da abarba da suka taso daga ƙasashen gaɓar teku, sannan a shagunan gefe ga shinkafar Indiya da ta Tailan, da tumatirin gwangwani na Sin, da madarar gari ta Turai. Kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan kayayyaki da ya iso wurin ba tare da an yi magana a kansa ta wayar salula ba, sau da yawa tun kafin a ɗora shi a mota.

Abin da masana ke nufi da dunƙulewar duniya shi ne yanayin da kaya da kuɗi da labari da aikin ƙwadago ke ratsa iyakokin ƙasashe cikin sauƙin da zai sa shawarar da aka yanke a wata nahiya ta taɓa tukunyar magidanci a wata nahiyar. Bahaushe bai jira ƙarni na 21 ba kafin ya san irin wannan harka, domin tun a ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina, su ƙetare kogin Kwara su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Tafiyar tana cin watanni, kuma abin da ya riƙe ta shi ne tsarin mutane: madugu da ke jagorantar ayari, maigida da ke saukar da baƙi a zango ya ajiye musu kaya ya tsaya musu a kan bashi, da dillali da ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana wannan fatauci a littafinsa na 1980 kan ayarin goro, kamar yadda Abner Cohen ya nazarci masu gidajen unguwar Sabo ta Ibadan a 1969, Emmanuel Grégoire kuma ya rubuta kan Alhazan Maraɗi a 1986. Dukansu sun tarar da cewa jarin da ya fi kuɗi muhimmanci a fataucin nesa shi ne amana da labari, domin wanda ke Kano ba shi da hanyar sanin farashin goro a Salaga sai ta bakin wanda ya dawo, kuma kafin bakin ya iso farashin ya riga ya tsufa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi zarra a farkon sana'arsa ne saboda ya rage wannan jinkiri, inda ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Legas, maimakon bin sawun jakuna.

Wayar tangaraho ta zamanin mulkin mallaka da wayar tarho ta girke ba su sauya wa ɗan ƙaramar kasuwa komai ba, domin an shimfiɗa su ne saboda ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni. Sauyin ya fara ne a 2001, shekarar da wayar salula ta shigo Nijar, ta soma da Yamai sannan ta riƙa bin manyan garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan bazuwa daki-daki ta ba wata masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Tufts da ke Amurka, Jenny Aker, damar kwatanta kasuwannin da rezo ya kai da waɗanda bai kai ba tsakanin 2001 da 2006, kuma sakamakon da ta wallafa a 2010 ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da aka fi ambata a duniya kan amfanin salula ga talaka. Ta gano cewa tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 bayan shigowar waya, kuma raguwar ta fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna ko waɗanda hanyarsu ke da wuya. Dalilin a bayyane yake: ɗan kasuwar da a da sai ya biya kuɗin mota ya kwana a hanya kafin ya san nawa ake sayar da buhun gero a wani gari, yanzu yana tambayar garuruwa biyar kafin ya gama shan kokon safe, sai hatsi ya riƙa gudu daga inda ya yi araha zuwa inda ya yi tsada har farashin ya kusanci juna.

Akwai wani ɓangare na binciken da ba a cika ambata ba, alhali ya fi na farkon koyarwa. Da Aker ta sake duba lissafin tare da Marcel Fafchamps, wannan karon daga wajen manomi, sun tarar da cewa tazarar farashin da ake biyan mai gona ta ragu da kusan kashi 6 cikin 100 a kan wake, amma a kan gero da dawa, waɗanda ke jure ajiya a rumbu, babu wani sauyi na a zo a gani, kuma matsakaicin kuɗin da ke shiga aljihun manomi bai ƙaru ba. Ma'ana, labari yana amfanar wanda ke da halin yin aiki da shi. Manomin da ya ji cewa tiyar wake ta fi daraja a Yamai, amma ba shi da mota, ga bashin da ya ci da damina yana jiransa, jin labarin bai hana shi sayarwa a bakin gona ba. Wanda ya ci moriyar wayar tun farko shi ne mai jari da ke tsakiya.

A kewayen Petit Marché ta yau, abin da ya fi kira yawa shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda kamfanin ya ƙara a manhajarsa a 2013, kuma muhimmancinsa a ƙasar da fiye da rabin manyanta ba su karanta boko ya wuce yadda injiniyoyin Kalifoniya suka zata. Saƙon rubutu yana buƙatar ɗan lakwal a kusa, saƙon murya kuwa yana tafiya da Hausar mai shi ko Zabarmancinsa, da rantsuwarsa da barkwancinsa, kuma yana zama shaida idan gardama ta taso. Dillalin albasa a Galmi ko Madawa yana ɗaukar hoton buhunan da aka ɗinke, ya tura wa maigidansa a Yamai, shi kuma ya tura wa abokin cinikinsa a Akara ko Abijan, a yi ciniki a sallama tun motar ba ta gama lodi ba. Lokacin da hukumomin Gana suka tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie a 2021 suka mayar da ita Adjen Kotoku a wajen birnin Akara, 'yan Nijar da ke wannan sana'a ba su jira wani ya dawo gida ya ba da labari ba. Haka kuma ƙungiyar RECA, wadda ke haɗa majalisun manoma na jihohin ƙasar, ta buɗe cibiyar kira da zaurukan WhatsApp inda mai lambu ke tura hoton ganyen tumatir da tsutsa ta ci, masani ya amsa masa da murya cikin harshensa. Tsarin madugu da maigida da dillali yana nan bai mutu ba, sai dai zangon ya koma cikin waya, kuma har yanzu ba a sakar wa mutum kaya bashi sai wani da aka sani ya ce ya san shi.

Kuɗi ma sun bi wannan hanya, ko da yake a Nijar sun bi ta da salon da ya bambanta da na sauran ƙasashe. A Kenya, tun daga 2007, kamfanin waya ne ya mamaye aika kuɗi da tsarin M-Pesa, amma a Nijar kamfanonin cikin gida irin su Al Izza da BNIF Afuwa da Nita da Amana ne suka riga kowa shiga zukatan jama'a, da rassa a tashoshin mota da bakin kasuwanni, inda mutum ke miƙa kuɗi a Yamai ɗan'uwansa ya karɓa a Tawa ko Lome cikin mintoci kaɗan. Wannan nasara ce ta 'yan ƙasa da ta cancanci a faɗe ta, domin ta nuna cewa wanda ya san yadda mutanensa ke ba da amana yana iya yin gogayya da manyan kamfanonin waje a kan fasahar da su suka ƙirƙira. Albarkacin wannan tsari, ɗan ci-rani da ke tura baro a Abijan ko yake gadi a Legas yana aiko da kuɗin cefane a ranar da aka biya shi, kuma wani kaso na cinikin da mai kayan miya ke yi da hantsi a Yamai guminsa a wata ƙasa aka zubar.

Ita kanta wayar da ke hannun mai tebur misali ce ta abin da ake magana a kai. Yawanci Tecno ce ko Itel ko Infinix, waɗanda duka na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kamfanin da ya mamaye kasuwar Afirka saboda ya lura da abubuwan da wasu suka raina: gurbin layi biyu ko fiye domin mai waya ya guje wa tsadar kira daga wani kamfani zuwa wani, batir mai daɗewa saboda ƙarancin lantarki, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau. 'Yan kasuwar Yamai da Maraɗi da a da sai sun yi takakkiya zuwa Dubai ko Guangzhou ko Yiwu, da dama daga cikinsu yanzu suna zaɓen kaya ta bidiyo, wakili a can ya haɗa kwantena, wani wakilin a tashar jiragen ruwa ya yi fito.

Gobarar da ta cinye Petit Marché a 2012 ta nuna wani abu game da wannan sabon yanayi. Wuta ta ci rumfuna da kaya, 'yan kasuwa sun watsu zuwa titunan kewaye da wasu kasuwannin birnin, amma lambar waya ba ta ƙonewa, kuma duk mai sana'ar da abokan cinikinsa ke riƙe da lambarsa yana da hanyar gaya musu inda ya koma. A zamanin da, adireshin ɗan kasuwa shi ne rumfarsa, yanzu kuwa rabin adireshin yana aljihunsa.

Daga nan sharhin zai juya ga ɓangaren da ya fi wuyar gani, wato jingar aiki. Manomi ya san jinga: maimakon ya ɗauki ɗan ƙwadago na dindindin, sai ya yanka wa wani gefen gona su yi tsada, ya biya idan an gama. Kamfanonin duniya sun ɗauki wannan dabara suka faɗaɗa ta, suna miƙa wa wasu kamfanoni ayyukan da a da ma'aikatansu ke yi, kamar lissafin albashi, da amsa kiran abokan hulɗa, da rubuta manhajar kwamfuta. Muddin aiki yana buƙatar takarda da sa hannu da ganin ido, tilas ɗan jinga ya kasance kusa. Da wayoyin zaren gilashi suka ratsa ƙarƙashin teku a shekarun 1990, waɗanda ke ɗaukar bayanai a siffar haske, kuɗin aika magana daga nahiya zuwa nahiya ya faɗi warwas, sai duk aikin da za a iya turawa ta waya ya zama ana iya yin sa a inda albashi ya fi araha. Haka birnin Bangalor na Indiya ya cika da kamfanoni irin su Infosys, haka Manila ta ƙasar Filifin ta zama cibiyar amsa kiran Amurkawa, kuma a duniyar masu Faransanci aikin ya faɗa hannun Kasablanka da Tunis da Dakar da Antananarivo, ta yadda Bafaranshen da ya kira kamfaninsa yana ƙorafi kan takardar kuɗin waya sau da yawa ɗan Maroko ne ko ɗan Senegal ke ba shi haƙuri.

Nijar ta san jingar aiki, amma ta san ta ne daga ɗaya gefen, kuma tarihin layin da ya fi yawa a hannun 'yan kasuwa ya isa misali. Kamfanin Celtel, wanda attajirin Sudan Mo Ibrahim ya kafa kuma hedikwatarsa ke ƙasar Holan a lokacin, shi ya fara aiki a Nijar a 2001. A 2005 wani kamfanin Kuwait ya saye shi a kan dala biliyan 3.4, sunan ya koma Zain a 2008, sannan a 2010 Bharti Airtel na Indiya ya sayi rassan Afirka a kan dala biliyan 10.7. Mai sayar da tumatir bai sauya layi ba, amma cikin shekara 10 ribar katin da yake saye ta sauya alƙibla daga Turai zuwa yankin Gulf zuwa Delhi. A cikin shekarar da ya karɓi ragama, Airtel ya ba kamfanin IBM jingar kula da kwamfutocinsa a ƙasashen Afirka 16, ya kuma raba aikin amsa kiran abokan hulɗa tsakanin IBM da kamfanonin Indiya biyu, Tech Mahindra da Spanco. Daga bisani dogayen turakun sadarwa, waɗanda ake kira ƙarafan sabis a Nijeriya, an sayar da su ga Eaton Towers, wanda American Tower na birnin Boston ya haɗiye a ƙarshen 2019. Ke nan kira guda daga Petit Marché zuwa Galmi yana iya bi ta wayar Sin, ya hau turken kamfanin Amurka, a lissafa kuɗinsa a tsarin kamfanin Indiya. Shi ma kamfanin waya na Moov, wanda ya faro a matsayin Telecel, ya koma hannun Maroc Telecom a 2015. Ba duka tafiyar ce ta nufi waje ba, domin Orange na Faransa, wanda ya shigo a 2008, ya sayar da reshensa a 2019 bayan taƙaddamar haraji da gwamnati, 'yan kasuwar yankin suka saya suka raɗa masa Zamani Telecom, ita kuma gwamnati ta haɗe SONITEL da SahelCom a 2016 ta kafa Niger Télécoms.

Tambayar da ta dace a yi ita ce me ya hana Yamai samun nata rabon na jingar da ke shigowa, alhali agogonta daidai yake da na Paris a lokacin hunturun Turai, da bazararsu kuma tazarar awa ɗaya ce, ga matasa masu Faransanci da jami'ar Abdou Moumouni ke yayewa kowace shekara, ga cibiyar CIPMEN da ke renon ƙananan kamfanoni tun 2014. Amsar tana cikin abubuwan da ɗan jinga ke sa hannu a kansu: ya yi alkawarin cewa layinsa ba zai yanke ba dare da rana, kuma wannan alkawari ba ya yiwuwa sai da tsayayyar wuta da intanet mai hanya fiye da ɗaya. Arahar albashi kaɗai ba ta jawo irin wannan aiki, in ba haka ba da Sahel ta riga Maroko. Akwai dai wata kasuwa da ƙasar ke da fifiko a cikinta ba tare da ta nema ba, wato harshen Hausa. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya biyo baya a 2016, kuma kamfanonin da ke gina ƙirƙirarriyar basira suna buƙatar mutanen da za su fassara, su rubuta abin da aka faɗa da murya, su tace abin da ake wallafawa. Sai dai ba kowace jinga ce alheri ba: rahoton mujallar Time na Janairun 2023 ya nuna cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Nairobi da suka tace munanan rubuce-rubuce domin kamfanin OpenAI ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Ƙasar da ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025 ya kamata ta san darajar wannan kadara kafin 'ya'yanta su sayar da ita a farashin bakin gona.

Batun hanyar intanet yana buƙatar ɗan bayani, domin jama'a da yawa na ɗauka cewa saƙo ta iska yake tafiya har ƙarshe. Daga waya zuwa turke ne kawai yake bin iska, daga nan sai ya shiga zaren gilashi da aka binne a ƙasa, kuma tun da Nijar ba ta da gaɓar teku, tilas zaren ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya haɗu da manyan wayoyin teku irin su SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002 kuma take da mashiga a Kwatano, ko ACE da aka ƙaddamar a 2012. Da SAT-3 ta samu matsala a gaɓar Benin a watan Yulin 2009, intanet ya durƙushe a Benin da Togo da Nijar da wani babban ɓangare na Nijeriya. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a lokaci guda a tekun da ke daura da Kodebuwa, bankuna da kamfanoni a ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka tsaya cik. Wani lokacin kuma ba teku ce ke yankewa ba, hukuma ce, kamar yadda aka rufe intanet na salula na kimanin kwana 10 daga 24 ga Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa. Duk dalilin da aka bayar na tsaro, wanda ya ɗauki nauyin a ɓoye shi ne mai albasar da motarsa ke hanya bai san inda ta kwana ba.

Shekarar 2023 ce ta fi kowace fayyace iyakar abin da waya ke iya yi. A ranar 20 ga Yuli gwamnatin Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, kuma da yake Indiya ce kan gaba a duniya wajen sayar da shinkafa, labarin ya zagaya wayoyin manyan 'yan kasuwa kafin wani jirgi ya sauya hanya. Kwana 6 bayan haka aka yi juyin mulki a Yamai, a ranar 30 ga wata kuma ƙungiyar ECOWAS, wadda aka fi sani da CEDEAO a Nijar, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokin Benin da Nijeriya, Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta Birnin Kabi, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Ɗan kasuwa yana iya ganin hoton kwantenarsa a tashar Kwatano, ya yi magana da direbansa da ke jibge a Malanville sau goma a yini, ya aika masa kuɗin abinci ta waya, amma gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya ba ta buɗuwa da saƙon murya. Ko bayan ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da riƙe nata gefen iyakar Benin a rufe, kaya suka koma bin Lome su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin jerin gwanon motoci da rakiyar sojoji, abin da ya mayar da tafiyar kwanaki ta zama ta makonni. Masana tarihi za su lura cewa wannan ayari ne irin na da, mai jiran a taru kafin a tashi saboda tsoron hanya, sai dai kowane direba yana da waya. A irin wannan hali saurin labari yana iya zama wa mai cefane nauyi, domin jita-jitar tsada tana isa rumfa a cikin daƙiƙa ta ɗaga farashin buhun da tuni yake cikin sito, labarin araha kuwa sai an jira sabon kaya ya sauka.

Ana ƙoƙarin rage dogaro da hanya ɗaya. Aikin shimfiɗa zaren gilashi da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ke tallafawa, an tsara shi ne domin haɗa Nijar da Aljeriya da Chadi da Nijeriya, ta yadda idan ƙofar kudu ta toshe za a bi ta arewa zuwa tekun Bahar Rum. A ƙarshen 2024 gwamnati ta ba kamfanin Starlink na Elon Musk izinin aiki, ya kuma fara a 2025, da intanet da ke saukowa kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, abin da zai yi wa garuruwan da turke bai kai ba amfani ƙwarai, ko da yake ya ƙara suna ɗaya ne a jerin baƙin da ke riƙe da makullin sadarwar ƙasar, kuma kuɗin na'urarsa ya fi ƙarfin mai tebur guda sai dai a haɗa hannu. Babu ƙasar da ke ƙera dukan abin da take buƙata a wannan fanni, saboda haka mallakar baƙi ita kaɗai ba aibi ba ce. Aibin shi ne mai saye ya kasance bai san abin da yake saye ba, kuma a nan ɗan kasuwar Petit Marché, wanda ya san farashin albasa a ƙasa uku, yana cikin duhu game da hajar da yake saye kullum, wato katin waya da na intanet, wanda ke ƙarewa ba tare da mudu ko sikeli ba.

Shekaru da dama hukumar SIMA, mai bin diddigin kasuwannin amfanin gona, tana tattara farashin gero da dawa da wake ana karantawa a gidajen rediyo cikin harsunan ƙasa. Kiran wannan sharhi ga hukumar ARCEP, mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, shi ne ta bi wannan sawu: a riƙa karanta wa jama'a a rediyo, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, nawa kowane kamfani ke sayar da intanet na jaka guda, da yawan awannin da rezonsa ya ɗauke a kowace jiha cikin watan da ya gabata.